An Mirgine Mini Taya

Daren Laraba, Gamboru

Na daɗe ina faɗa, garejin nan ba ya ganin girman tsoho. A gindin dalbejiya nake faka tirelata in kwana a ciki, ita ce ɗakina. In zan yi tafiya sai in ajiye tsohuwar taya ta kama mini wuri, kowa ya sani.

Yau na dawo daga Legas, an mirgine tayar, wata tanka ta shige inuwar. Modu shugaban gareji ya ce, "Haƙuri Baba, wuri na wanda ya riga ne."

Ga ni bakin kwata, sauro na cizo. Bishiyar nan da ruwan alwalata ta girma. Gobe sai Modu ya amsa mini a gaban direbobi: ina mai tankar yake ranar da na dasa ta?