Gidanka na Faransa da Iƙamar Babana

Zuwa ga Mista Stanley, mudir, wato manaja, na reshen kamfanin da babana yake wa aiki a Bagdadiyya, Jidda, wanda yanzu yake zaune a wani ƙauye a kudancin Faransa.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da shekarunka da muƙaminka, ina fata kana lafiya, kuma sanyin can bai matsa maka ba.

Sunana Rakiya, 'yar Malam Isufu mai aikin lantarki, wanda ya yi shekara tara a ƙarƙashinka. Ina ajin ƙarshe na sanawiyya, wato sakandare. Ba na zaton ka riƙe sunana, domin duk zuwan da na yi ofishinka "yarinyar Faransanci" kake ce mini. Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji ba na ɗaga hannu sai malama ta kira sunana, kuma ka sani ban taɓa haɗa ido da kai ba. Amma Innata takan ce kunyar mara kunya asara ce, ni kuwa saura kwana goma in yi asarar shekara guda ta karatu. Abin da nake nema a wurinka layi ɗaya ne, na riga na tura maka shi da Turanci sau uku, kuma waya ta nuna ka buɗe. Sauran bayanin na rubuta shi da Hausa, don mutanenmu na Jidda da suke tambayar dalilin da Baba ya daina fita.

Na ɗaya: aikin da na yi maka.

A farkon wannan shekarar karatu Baba ya faɗa maka, cikin alfaharin uba, cewa na yi lakwal, makarantar boko ta Faransanci, a Damagaram kafin mu zo Jidda, kuma Inna ba ta bar ni na manta da Faransanci ba. Washegari ya dawo gida da ambulan. Daga nan har wata huɗu babu makon da bai shigo da ambulan ɗinka ba.

Ni na fassara maka yarjejeniyar farko ta cinikin gidan, shafi sittin da wani abu. Ni na fassara rahoton da ya ce gara ta ci katakon rufin ta gefen arewa, da wanda ya ce akwai dalma a tsohon fentin tagogi, da wanda ya ce ramin bahaya bai cika ƙa'ida ba. Ni na karanta maka duk wasiƙun notar, wato jami'in da doka ta ce sai a gabansa ake cinikin gida a Faransa. Ni na nuna maka inda aka rubuta cewa mai saye yana da kwana goma ya canza ra'ayinsa. Ka sa na maimaita maka wannan sau biyu, ka rubuta ranar a kalandarka da jan biro. Tun ranar na san kai mutum ne da ba ya wasa da wa'adi, in dai nasa ne.

Bayan la'asar nake yin aikin, a kan tiren abinci da nake kifewa a cinyata, domin ba mu da tebur. Ban nemi lada ba, kuma ba shi nake nema yanzu ba. Ka aiko mini da gwangwanin biskit, na gode. Katin wanda ya ba ka shi da Kirsimeti yana nan manne a gindinsa.

Na biyu: irin cinikin da ka yi.

Dole in faɗi wannan, domin a nan ne girmanka ya fara zubewa a idona. Gidan na wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu. Akwai wani irin ciniki a Faransa da ake sayen gida da araha, da sharaɗin mai shi ta ci gaba da zama a ciki har ranar da za ta mutu. Doka ta yarda, ban ce ka yi sata ba. Amma ranar da Baba ya raka ni ofishinka, abin da ka fara tambayata shi ne shekarun matar. Na ce tamanin da huɗu. Ka ce in duba da kyau ko akwai takardar likita a cikin ambulan. Da na ce babu, ka yi tsaki, sannan ka yi dariya ka ce matan ƙauyen Faransa ba sa mutuwa.

Baba ba ya jin Turanci sosai. A hanyar gida ya tambaye ni abin da ya ba mudir dariya. Na ce masa zancen rufin gida ne. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na yi wa mahaifina, kuma don in rufa maka asiri na yi ta.

Na uku: son tsofaffin gidaje.

Ka sha faɗa mini cewa tsohon gida yana da rai, shi ya sa ba ka sayi sabo ba. Bangon ofishinka cike yake da hotunan tagogin katako na Balad, tsohon garin Jidda, da ka ɗauka da kanka. To, mu ma mun taɓa zama a tsohon gida, a unguwar Karantina. Lokacin da aka rubuta wa bangonmu jan fenti cewa mu tashi za a rushe, Baba ya nemi hutun kwana uku ya nema mana wurin zama. Kwana ɗaya ka ba shi. A cikin wannan kwana ɗaya ya samo mana ɗaki biyun da muke ciki yanzu a Sharafiyya. Ba ka taɓa tambayarsa ko namu gidan yana da rai ba.

Na huɗu: alkawarin.

Da aka sanar za a rufe reshenku, Baba ya samu sabon kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa a wurin hukuma, wani mai kamfanin gyaran lifta a nan unguwarmu. Mutumin ya shigar da buƙatar naƙal kafala, wato mayar da Baba ƙarƙashinsa, a shafin hukuma. Abin da ya rage shi ne tsohon wurin aiki ya danna amincewa, kuma har a gama rufe reshen kai kaɗai ne sunanka yake kan wannan izini. Iƙamar Baba, takardar izinin zamansa a ƙasar, tana dab da ƙarewa a lokacin, tawa da ta Inna da ta ƙannena duk a jikin tasa suke rataye.

Baba ya yi maka maganar ranar Lahadin makonka na ƙarshe, ina tsaye a bayansa riƙe da fassarar ƙarshe. Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Bukra in sha Allah, Isufu, halas," wato gobe in Allah ya so, an gama. Shekara goma sha huɗu ka yi a ƙasar nan, Larabcin da ka koya ke nan, kuma kullum da murmushin zolaya kake faɗarsa, kana kwaikwayon mutanen da kake cewa ba su san darajar lokaci ba. Baba bai san da zolaya a ciki ba. Shi a wurinsa wanda ya ambaci Allah a kan magana ya ɗaure kansa. Ya ɗauka sake tuna maka rashin ladabi ne, kamar ya ce bai yarda da kai ba. Ranar Alhamis shi ya ɗaure maka akwatuna, shi ya naɗe hotunan tagogin nan a bargo kada su fashe, shi ya raka ka filin jirgi. Ya dawo yana cewa mutumin kirki ya tafi.

Yau mako bakwai ke nan. Iƙama ta ƙare. Sabon kafili ba zai iya sabunta abin da bai zo hannunsa ba. An ce wa Baba ya kai ƙara ofishin ma'aikata, ya ce ba zai kai ƙarar wanda ya ci abinci a ƙarƙashinsa shekara tara ba. Ko da ma ya kai, an ce ba za a gama kafin wa'adina ba. Yanzu daga gida sai masallacin bayan layi. Ni kuma shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, cikin mutunci, ta ce ba za a shigar da sunana cikin masu jarrabawar ƙarshe ba sai da iƙama mai rai, kuma ranar Alhamis ta makon gobe ake rufe rajista.

Na biyar: kukan da kake yi.

Ina karanta shafin da ka buɗe kana ba 'yan ƙasarku labarin sayen gida a Faransa. Na ga kana haya a ɗaki ɗaya a saman gidan burodi, domin tsohuwar tana nan da ranta, har tana shuka tumatir. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Na ga kuma ka gano cewa tun da ƙasarku ta fita daga tarayyar Turai, kwana casa'in kawai kake da su a Faransa in ba ka da takardar zama. Ka rubuta cewa wulaƙanci ne mutum ya mallaki gida a ƙasa amma a riƙa ƙirga masa kwanaki. Ka ce ka tsaya a layi awa biyu, matar da ke bayan gilashi ta ƙi yi maka Turanci, ta kira sunanka ba daidai ba. Ka ce ba ka iya barci saboda rayuwarka tana hannun wani da bai damu ya duba takardarka ba.

Yallaɓai, na karanta wa Inna wannan da Hausa. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Mun dai yi mamakin mutum mai furfura da sai yanzu ya san layi. Awa biyu! Babana ya yi shekara tara yana tsayawa a irinsa, wani lokaci ma takardunka ne a hannunsa. Kuna da wata kalma mai daɗi da kuke kiran kanku da ita in kun zauna a ƙasar wasu, da wata daban da kuke kiran irin su Baba. Matar da ke bayan gilashin can ba ta san da wannan bambancin ba, shi ya sa ka ji zafi.

Na shida, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro.

Shekaranjiya ka turo wa Baba saƙo. Da ya ga sunanka ya miƙo mini wayar, ya ce in karanta, mudir ya tuna da mu. Ba maganar kafala ba ce. Cewa ka yi masu duba neman zamanka suna son takardar shaidar cewa ba ka yi wani laifi a Saudiyya ba, sai wani ya je ofishin 'yan sanda a nan Jidda ya bi maka ita, kuma ba ka da wanda ka amince da shi kamar Isufu. Ka ce da gaggawa, domin kwanakinka sun riga sun haura rabi. Ka ƙara da cewa yarinyar Faransanci ta fassara ta in an samu.

Ka san abin da Baba ya yi? Tashi ya yi ya ɗauko rigarsa. Inna ce ta tare ƙofa ta tambaye shi da wace iƙama zai shiga ofishin 'yan sanda. Ya mayar da rigar kan ƙusa. Har yanzu bai ba ka amsa ba. Ba fushi yake yi ba. Kunya yake ji ya ce maka ba zai iya ba, don kada ka ji kamar gori yake yi maka.

To, ni na faɗa. Mutum ɗaya da ka amince da shi a duk Jidda ba ya iya wuce bayan layinmu, kuma kai ka zaunar da shi. Ba riƙe maka takarda muka yi ba, ba kuma ciniki nake yi da kai ba. Hanyar ce ɗaya: sai tasa ta fito zai iya zuwa neman taka.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Ɗaya, ka shiga shafin hukuma da wayarka ka danna amincewa. Sabon kafilin ya ce ba ya kai minti biyu, kuma in ka yi kafin Lahadi zai iya gama sabuntawa kafin a rufe rajistarmu.

Biyu, ka duba sunayen da ke ƙasan na Baba a wannan shafin. Na ji akwai wasu ma'aikata biyu da suke jira, su ba su da 'yar da ta iya rubuta wasiƙa.

Uku, in ka rubuta wa Baba, kada ka sake cewa in sha Allah sai kana nufinta.

Baba bai san na rubuta wannan ba. Zai ji daga bakin mutane bayan sallar Juma'a, kuma na san ransa zai ɓaci, ina neman gafararsa tun yanzu. Na kuma san da zarar iƙamarsa ta fito, kafin ya kai ni makaranta, ofishin 'yan sanda zai fara zuwa saboda kai. Haka yake, ba zan iya canza shi ba, ba na ma so ya canza. Fassarar ce dai ba ni zan yi ba. Ka nemi wanda ake biya, ni ina da jarrabawa.

Allah ya sa matar da ke bayan gilashi ta duba takardarka da tausayin da ba ka duba tamu da shi ba. Allah ya kare rufinka daga gara, ya ba ka haƙurin jiran gidanka shekaru masu yawa.

Faransa ta ba ka kwana goma ka canza ra'ayi, ka rubuta da jan biro. Ni ma goma suka rage mini. Ka nemo biron.

Wassalam.

Rakiya Isufu
Sharafiyya, Jidda