Igiyar Ruwa Kafin Azumi

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa teburin gugar gidan nan ya kwanta dama yau da hantsi, bayan shekara biyar yana hidima ba tare da ya taɓa kai ƙarar kowa ba. Ya tafi ya bar dutsen guga maraya, da kaftanaina a yamutse.

Wadda ta yi ajalinsa 'yata ce, Khaulah, mai shekara goma sha biyar. Na fito daga ɗaki na tarar ta naɗe masa ƙafafu, ta ɗora shi a kan matasan kujera a tsakar falo, ta kwanta rub da ciki tana iyo da hannuwa a iska. Sai ta yi wuf ta miƙe a kansa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, hannuwa a buɗe kamar mai rabon faɗa. Ana cikin haka ya ce ƙaras.

Na nemi bayani. Wai atisaye take yi. Wai akwai wani wasa da mutum zai ɗauki katako ya shiga teku, ya jira igiyar ruwa ta taso, ya hau katakon ya tsaya, ruwan ya kawo shi gaɓa. Na ce to idan ya iso gaɓar fa? Ta ce sai ya koma. Na karanta tarihin wahalhalun da ɗan Adam ya ƙirƙiro wa kansa da dama, amma wannan ban taɓa cin karo da shi ba.

Lahadi, 5 ga Janairu

Ashe magana ta yi nisa. Wata ƙawarta 'yar Malay ce ta nuna mata bidiyo. Akwai wani ƙauye wai shi Cherating a gabashin wannan ƙasa ta Malay, tafiyar awa uku da wani abu daga nan Wangsa Maju, unguwarmu a Kuala Lumpur, can ake koyarwa. "Abba, sau ɗaya kawai kafin mu koma gida. Please." A watan Yuni za mu tattara, in Allah ya sa aka sa hannu a kan digirin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Malumfashi kuwa, iya sanina, har yanzu ba a kai mata teku ba.

Kullum labarai ambaliya ake nunawa a gabashin. Don haka na yanke hukunci irin na magidanta: sai damina ta wuce, bayan Sallah. Wane mai hankali ne zai kwashi iyalinsa ya nufi teku, ruwa a sama ruwa a ƙasa? Khaulah ta fara cewa, "Amma Abba, ai lokacin..." na ɗaga hannu. Ta ce to. Matata Hussaina ba ta ɗago daga yankan albasa ba, wanda a gidan nan ke nufin an ɗage zama ne, ba a rufe shari'a ba.

Abin da ban faɗa ba: ni ban iya iyo ba. Ita ta iya, a makaranta aka koya mata, kamar tarwaɗa take. Ni kuwa duk ruwan da ya fi ƙarfin bokiti ban yarda da shi ba. In wani abu ya same ta a ciki me zan yi, in tsaya a gaɓa in yi sharhi?

Asabar, 11 ga Janairu

Don a shaida ni uba ne mai adalci, na kai su Port Dickson, a gaɓar yamma. Kusa ne, rana ta fito, kuma teku dai teku ne.

Mun tarar da shi a kwance lumui kamar faranti. Jarirai na zaune a ciki suna wasa da cokali. Na ce wa Khaulah, "To ga teku nan, bismillah." Ta dubi ruwan, ta dube ni, ta ce, "Abba, wannan ai ko agwagwa ba zai ɗaga ba." Hussaina ta yi dariya har ruwan kwakwa ya sarƙe ta.

Duk da haka an sha daɗi. Mun ci gasasshen kifi mai yaji, na sa ƙafata a ruwa har idon sawu, na ji kamar a naɗa ni sarkin ruwa. A mota Khaulah ta ce ta gode. Godiyar ce ta tsaya min a rai. Irin wadda ake yi wa baƙo ce.

Talata, 14 ga Janairu

Na ba Najib labarin a mamak, wato shagon mai shayi irin na nan, muna shan shayi. Najib abokin zamana ne a ofis, ɗan Kuantan, garin da ke kusa da Cherating ɗin. Sai da ya ajiye kofi don ya ji daɗin yi min dariya.

Ya ce tekun yamma ba ya tashi, na gabas ke tashi, shi ma sai da iskar damina. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris, shi ke nan. "Bayan Sallah? Abang, ka tafi da tabarma, barci za ka sha a kan ruwan." Abang wato Yaya. Ya ce wurin kowa da matsayinsa: kusa da gaɓa ruwa iya ƙugu, ƙasa yashi, nan 'yan koyo suke. Can wajen duwatsu kuma na gwanaye ne. Ƙanwarsa Ain ma tana koya wa mata, da ɗankwalinta da komai. "Boleh lah," in ji shi, wato zai yiwu mana.

Wato a ƙasar nan sai an ga hadari ake shirin zuwa teku. Mu a wajenmu in damina ta sauka mutum gona ya sani da gida, tafiyar nishaɗi sai rani. Da wannan ilimin na yanke hukunci, ina ji da kaina.

Azumi farkon Maris. Bayansa ba iska. Yuni jirgi. Ashe "bayan Sallah" ɗin da na faɗa, fassararsa ita ce har abada.

Kuma abin da na fara ji da na gane haka, sanyi ne a raina. Ba zan ɓoye wa takarda ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Ban gaya wa kowa ba. Na sayo sabon teburin guga, an yi min godiya.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na dawo daga masallaci ina cin abinci, Hussaina ta zauna a gabana ba tare da faranti ba. Na san an dawo da zama.

"Malam, ta sani fa." Na ce ta san me? "Ta san bayan Sallah babu komai. Tun kafin ka buɗe baki ta sani." Wai akwai wani abu a wayarta da take duba tsayin igiyar ruwa kowace safiya, kamar yadda mu muke duba farashin canji. Na ce to me ya hana ta faɗa? Ta ce, "Ta fara. Ka ɗaga hannu."

Na yi ta bayani a kan haɗarin hanya da ambaliya. Ta bari na gama. "In tsoro kake ji ka ce tsoro kake ji, kar ka jingina wa damina." Na ce ba tsoro ba ne, tsantseni ne. Ta ce, "Allah ya ƙara tsantseni. Yarinyar nan tana shekara goma ta bar ƙawayenta ta biyo ka nan. Yanzu za ta sake barin wasu ta bi ka. Ka taɓa jin ta roƙe ka wani abu in ba wannan ba?"

Na yi ta lalube a kaina. Ban samo ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na karɓi lambar ƙanwar Najib. Don bincike kawai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Cherating. Mun taso bayan asuba, muka ratsa duwatsun Karak ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni ina tuƙi ina karanto duk addu'ar da na haddace, Khaulah a baya tana waƙa.

Mun tarar da jar tuta, alamar hana shiga, a kafe a bakin ruwa. Tekun ya yi ruwan ƙasa, yana ruri kamar injin niƙa. Ain ta fito daga wata rumfa, 'yar ƙaramar mace, ta shafe fuska da man kare rana fari fat kamar wadda ta faɗa buhun fulawa. Khaulah na kiranta Kak Ain, wato Yaya Ain. Ain ta ce yau ba mai shiga, gobe ma haka. Khaulah ta roƙa, ta ce ta iya iyo, ta ce daga Kuala Lumpur muke. Ain ta ce ko daga duniyar wata muka sauko, ba mai shiga.

Nan take matar ta kwanta min a rai. Na zo da shirin yi mata tambayoyi kamar mai kare digiri, sai ga shi ta amsa duka da kalma ɗaya. Wanda ya iya cewa a'a ga mai biya, ana iya ba shi amana.

Ta koya wa Khaulah tsayuwa a kan katakon a bisa yashi. Na taɓa shi, ashe ba katako ba ne, wani irin soso ne mai tauri. Mun ci keropok, wani soyayyen abu na kifi da ake dangwalawa a yaji, Hussaina ta sa aka ƙulle mata wani a leda.

A hanyar dawowa ba waƙa. Na zaci zan yi murna, tunda na kawo ta, teku ne ya ƙi, ba ni ba. Ban yi ba. Mako mai zuwa ina da zama da malamina. Saura na bayansa kawai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na sa abin duba igiyar ruwan a wayata. Bayan la'asar na kama kaina ina roƙon Allah iska. Na dai ƙara da cewa 'yar daidai.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ba jar tuta. Rana ta ɗan leƙo, igiyoyin na zuwa a jere, dogaye, ba hayaniya.

Na zaci yara zan gani. Akwai yaran, amma akwai wani ɗan China mai tumbi da ya girme ni, da wasu 'yan mata masu lulluɓi, da wani Bature da rana ta gasa kamar tsire. Can nesa wajen duwatsu gwanayen na yawo a kan ruwa kamar ba su da nauyi, har wani yana taku a kan katakonsa, ya je gaba ya dawo, kamar mai jiran baƙo a zaure.

Khaulah ta shiga da doguwar riga da wando na iyo da hularta, an ɗaura mata igiyar katakon a ƙafa. Ain na tsaye a ruwa iya ƙirji, in igiya ta zo sai ta tura ta ta ce ta tashi. Ta faɗi ta gaba. Ta faɗi ta baya. Ta faɗi ta wata fuska da ban san jiki na iya faɗuwa ta nan ba. Duk sanda kanta ya nutse, sai ta ɓullo tana tari tana dariya.

Ba ta tsaya ba yau. Gwiwa ɗaya ta taɓa kafawa, ruwan ya kwashe ta. Ain ta ce iskar na ja baya, gobe da safe ne kawai, daga nan sai baɗi. Mun kama ɗaki a wani gidan katako. Khaulah ko abincin ba ta gama ba ta yi barci da cokali a hannu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Igiyoyin yau ƙanana, kuma sai an daɗe kafin wata ta zo. Khaulah ta faɗi, ta sake faɗi. Na ga Ain na duban can cikin teku tana girgiza kai. Hussaina na riƙe da waya tana ɗauka, bakinta na motsi.

Ni dai na san ina tsaye a kan yashi da kaftanina da hulata. Na matsa kaɗan don in gani da kyau. Na ƙara matsawa.

Sai ga wata ta taso, ba babba ba. Ain ta tura. Khaulah ta dafa, ta ja ƙafa, ta yi tangal-tangal, na ce shi ke nan, sai ta miƙe. Ta tsaya. Ruwan ya ɗauko ta yana tafe da ita a hankali, hannuwa a buɗe, baki a buɗe, ta nufo ni. Na ji wani ƙato yana ihu da Hausa, "Riƙe! Riƙe, 'yar Malam!" Ashe ni ne.

Ta wuce ta gefena, kusa har na ga haƙoranta. A lokacin na lura cewa in har ta wuce ta gefena, to ba a kan yashi nake ba. Ruwa ya kai min ciki. Ban gama wannan nazarin ba igiyar da ke biye ta zaunar da ni.

Gishiri ne zalla. Na taso ina furzarwa, kaftani ya manne min, ɗan Chinan nan mai tumbi ya kamo hulata ya miƙo min da hannu biyu cikin girmamawa. Khaulah ta iso da gudu tana jan katako, ta rungume ni a cikin ruwan. "Abba ka gani? Ka gani?" Na ce na gani, har na ɗanɗana.

Ta sake tsayawa bayan nan, har na daina lissafi. Ban koma kan yashi ba, tunda an riga an jiƙe. Wayata na aljihu duk wannan bidirin.

A mota an yi waƙa tun daga Kuantan har Gombak. Wai har da ni.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Waya na kwance a cikin shinkafa ko za ta bushe, ana jiran ikon Allah. Bidiyon Hussaina ya isa Malumfashi kafin mu iso gida. Rabinsa Khaulah ce, rabinsa wani dattijo ne da ruwa ya kayar. 'Yan uwa sun fi son rabi na biyu.

Yau da sassafe, kafin maƙwabta su fito, na sauka wurin iyon da ke ƙasan benenmu. Ɓangaren yara. Khaulah ce malama, kuma ba ta da sauƙi: wai in sa fuska a ruwa in hura. Mutum da furfurarsa yana yin kumfa. Ta ce ina da ƙoƙari. Na ce motsa jiki ne kawai, likita ya daɗe yana faɗa.

Azumi ya ƙarato, tekun can ya fara kwanciya. Da an bi tawa, da yanzu muna jiran Sallah.

Ban yi daidai ba. A bar shi a nan.