Nauyin Harsashin Elsabe

Trompsburg, Janairu

Elsabe 'yata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti? Mu nan ruwa ya yi jinkiri, amma tumaki na nan da ransu.

Kan gasar Bloemfontein nake rubuto miki, wato harbin mita ɗari tara da muka saba shiga tare, ke kina harbi ni ina gefenki ina karanta miki iska. Bana ki bar harsashinmu mara nauyi, ki koma mai nauyi. Iska ba ta cika kaɗa shi ba, ko an yi kuskuren lissafi yakan rufa asiri. Sai dai bututun bindigata da kike harbi da ita ba zai iya da shi ba, harsashin zai riƙa faɗa wa allo a karkace. Ki kai wa maƙeri ya cire shi ya sa sabo.

Gwaggonki Hendrika ta aiko miki da biltong, busasshen naman nan namu. Allah ya tsare.

Babanki, Wynand

Kimberley, Janairu

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaishe min da Gwaggo.

Sau biyu na duba rubutun hannun, don na ɗauka wani ne ya rubuto da sunanka. Kai ne fa kake kiran harsashi mai nauyi sandar guragu! Tun ina ƙarama kake cewa maganin malalatan da suka kasa koyon iska ne. Ka manta yadda ka tsokani Kawu Stoffel a kansa har ya bar wurin gashin nama cikin fushi?

Kuma in cire bututun da ka yi rabin rayuwarka da shi? Ba zan iya ba. Ni aikina in riƙe numfashi in ja kunama. Kai kuma ka dubi tutocin iska ka ce min dama ko hagu, shi ke nan. Da kai a gefena, me iskar Bloemfontein za ta yi min? Idan ka gaji da zama kusa da ni ne, ka fito fili ka faɗa. Raina ya ɓaci, Baba.

Taka, Elsabe

Trompsburg, Fabrairu

'Yata,

Gaisuwa. Ban gaji ba, kuma ba zan taɓa gajiya ba.

Likitan ido ya duba ni kafin Kirsimeti. Tsakiyar ganina ce ke mutuwa, ya ce babu gyara. Jiya na kafa madubin hangen nesa a bayan garke, na ɗaura tsumma a kan shinge. Na san iska na kaɗa shi don ina jin ta a wuyana, amma ban gan shi ba.

Harsashi mara nauyi sai da mai ido a gefe. Idan na zauna kusa da ke na yi ta cinta, zan zubar miki da makin da za a zaɓe ki cikin tawagar ƙasa da shi, kuma na san ba za ki taɓa cewa laifina ne ba. Wannan nake tsoro. Ki nemi wani ya zauna miki, ki ba shi harsashin da zai yafe masa kuskure.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

Trompsburg, Afrilu

Elsabe,

Gaisuwa. Ba ki ba ni amsa ba, ban kuma ga laifinki ba.

Na je gasar. Hendrika ce ta tuƙa ni, muka tsaya can bayan 'yan kallo, na hana ta yi miki magana. Ta ce min, "Ga ta can ta kwanta, wata mata ce a gefenta." Na ce, "Yi min shiru in ji."

Da kika yi harbin farko na san ba bututuna ba ne. Ƙarar ta fi kauri, ba muryar da na sani ba ce. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka a tsaye, Hendrika tana ta faɗa min maki ina kasa ji.

Daidai kika yi. Idan za ki zo gida, ki taho min da tsohon bututun, kada maƙeri ya jefar.

Babanki, Wynand