Abin da Na Karanta a Rediyo

Litinin, 4 ga Maris

Oga Sonubi, manajan tasharmu, ya kira ni ofis. Wai shirina na lafiyar iyali ya samu mai ɗaukar nauyi, wata "Ƙungiyar Kare Ayyukan Matasa". Ban taɓa jin sunanta ba. Amma direban da ya kawo takardun na san shi, shi ke tuƙa shugaban kamfanin narka batir da ke bayan layinmu. Ko motar ba su canza ba.

Abin da suke so, mu mayar da martani ga likitocin jami'a da suka gwada jinin yaran unguwarmu watan jiya, suka ce akwai gubar dalma a ciki.

Na ce, "Oga, martanin me? Sun gwada, sun gani."

Ya kira ni da sunan 'yata, ya ce, "Iya Motun, ke ba 'yar jarida ba ce? Ai sai an ji ta bakin kowa."

Kowa.

Alhamis, 7 ga Maris

Sun kawo gwaninsu, Farfesa Odukoya. Babbar rigar agbada fara fat, turare kamar an fasa kwalba a ɗakin shiri. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Tashi, 'yata." Kafin mu shiga na tambaye shi fanninsa, sai ya yi dariya ya ce ilimi ai duk ɗaya ne. Daga baya na bincika: harkar kasuwanci ya koyar.

Bai taɓa cewa babu guba ba. Nan wayonsa yake. Cewa yake, "Wa ya sani? Masana ma ba su daidaita ba. Dalma tana cikin ƙasa tun da Allah ya yi ƙasa. Ba kwalli iyaye mata ke sa wa jarirai ba? Me ya sa ba a tuhumi kwalli ba?" Sai ya sassauta murya: "Ku tambayi kanku, wa ya ba su na'urar? Ina ake kai jinin?"

Minti arba'in ina cewa "haka ne, Baba". Da ya riƙe hannuna zai tafi, tafinsa da laima. Na wanke nawa a famfon bayan gida har sau biyu.

Asabar, 9 ga Maris

Hayaƙin kamfanin yau mai ɗanɗano ne. Na kwashe shanya, fararen kayan makarantar Motun sun yi toka-toka.

Laraba, 13 ga Maris

Sanarwar ƙungiyar da Turanci take zuwa, ni ke mayar da ita Yarbanci. Turancin busasshe ne, ba mai sauraro da zai riƙe shi. To hannuna ya yi ƙaiƙayi, na ƙara jimla ɗaya daga kaina: "Jinin ɗanki ba ruwan famfo ba ne da kowa zai zo ya ɗiba." Oga ya tafa. Ya ce mutanen ƙungiya sun ji daɗi, za su sa a takardun da za a liƙa a tashar mota.

Ba wanda ya ce in ƙara. Wannan ne ke ci na. Ba wanda ya ce.

Lahadi, 17 ga Maris

Bayan coci na yi wa mijina, Baba Motun, maganar. Yana cin amala, bai ɗago ba. Shekararsa shida yana gadin ƙofar kamfanin. Ya ce, "Kowace safiya suna ba mu madarar gwangwani, tana wanke komai. Kin gan ni na mutu?" Na ce yara ake magana. Ya ce idan aka rufe wurin, sakamakon gwaji za mu dafa wa yaran?

Na kai loma baki. Miyar ewedu ta yi mini yauƙi a maƙogwaro, na ture kwanon.

Talata, 26 ga Maris

Likitocin sun dawo zagaye na biyu, sun kafa rumfa a filin makarantar firamare. Na bi ta wurin. Kujeru jere, babu kowa. Wancan karon sai da layi ya kai bakin titi.

Iya Tobi mai sayar da ƙosai tana tsaye nesa da wasu mata, sun harɗe hannu. Tobi nata shekararsa huɗu, har yau bai haɗa magana ba, ga ciwon ciki kullum. Na ce, "Anti mi, ba za ki kai shi ba? Kyauta ne."

Ta ce, "Kyauta? Ke ma da bakinki. Jinin ɗana ba ruwan famfo ba ne." Matan suka kwashe da dariya, ɗaya ta dafa ni, "Allah ya yi miki albarka, ke kika buɗe mana ido."

Shugabar likitocin, Dokta Sowemimo, ta gane muryata. 'Yar ƙaramar mace, gashinta duk furfura. Na zaci za ta zage ni, na ma so ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Sau uku na nemi zuwa shirinki, aka ce ba fili." Ta ce jiya wani ya watsa wa ma'aikaciyarta ruwan kwata. Ta ci gaba da mayar da allurai cikin kwali.

Ƙazanta. Farfesa ƙazanta, Oga ƙazanta, ni kuma cokalin da aka ɗebo ta da shi.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Malamar Motun ta aiko: yarinyar ba ta mayar da hankali, abin da aka koya jiya yau babu shi. Ga saurin fushi. Ba haka take ba bara.

Na ɗauke ta ba da sanin ubanta ba, muka hau mota zuwa asibitin koyarwa da ke Shagamu. An huda yatsa, sannan aka ɗibi jini daga jijiya. Ba ta yi kuka ba, tambaya kawai ta yi ko za a dawo mata da shi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sakamakon gwajin ya fito. Dalmar da ke jininta ta yi sama sosai. Dokta Sowemimo ta zaunar da ni, ta zagaye lambar da biro. Ta ce magani na farko shi ne a raba yarinyar da unguwar, a dawo bayan mako biyu a sake dubawa. Ta yi ta bayani a hankali, kamar ba ni ba ce.

Na ji bakina yana cewa, "Ma, na'urar ba ta kuskure?"

Ta ninke takardar ta miƙo mini.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Jiya ya kamata mu koma. An yi ruwa, kuma hanyar Shagamu ba ta biyuwa in an yi ruwa.

Motun ta ɗan ware, shekaranjiya har ta cinye tuwonta. Yara ai haka suke, yau sama gobe ƙasa. Kuma na tuna kakarta ta sha sa mata kwalli tana jaririya, ban gaya wa Dokta ba. Ba wai ban yarda da ita ba ne. Kawai gwaji ɗaya ne, kuma tashi daga gida ba wasa ba ne, ina za mu? Ban nuna wa Baba Motun takardar ba tukuna, sai an tabbatar.

Farfesa zai dawo Litinin. Oga ya ba ni sabuwar sanarwar in fassara. Na karanta sau biyu. Wannan karon dai akwai abin dubawa a ciki.