Ƙwan Fitila Uku a Zauren Baba

Zuwa ga ƙanena Lawwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Najiba da yara, Allah ya tsare ku ya ƙara rufin asiri. Mu nan Yankara lafiya lau, sai ƙafar Baba da take ɗan taɓa shi. Mai ɗakina Suwaibatu ta sauka, an samu mace, an yi mata huɗuba da Ummu Salma. Masara kuma ta yi kyau bana.

Ka tuna ranar Babbar Sallah da ka zauna a zaure kana ba Baba labarin madatsar ruwan da kake aiki? Ka ce kuɗin gina ta ko shanun Katsina kaf aka sayar ba za su isa ba, amma da an gama ruwa ne ke juya injin, ba a sayen dizal ko cokali ɗaya, sai albashi da gyara. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, rigata tana warin dizal. Shekara goma sha ɗaya ina ciyar da gidan nan da injin niƙa, Baba bai taɓa yi mini irin kallon da ya yi maka ba. Kishi na ji, Lawwali, ba zan ɓoye maka ba. Naman Sallar nan ma ban ji daɗinsa ba.

Shi ya sa da damina ta kama na sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗa, na sayi siminti na datse rafin bayan gida. Mani maƙeri ya ƙera mini fanka, muka haɗa ta da altanetar wata tsohuwar mota, wato abin da ke ba batir wuta, na ja waya har zaure. Wallahi ta kawo! Ƙwan fitila uku suka kama. Amma a labarinka ka manta da yashi. Kullum bayan asuba ina cikin ruwa da shebur ina kwashe shi, bel ɗin fankar kuma ya tsinke sau biyu. Ga shi na yi ginin kamar katangar gida, ban bar wa ruwa hanyar wucewa ba in ya yi yawa. Kwana tara madatsar ta yi, ruwan Agusta ya zo ya tafi da ita har da fankar.

Ba asarar san da na sayar ce ta fi ci mini rai ba. A kwana taran nan duk wanda ya gitta sai Baba ya kira shi, ya ce, “Zo ka ga wutar Lawwali, dabara tai ce, Yahuza ya ɗora mashi.” Ranar da ta karye na shigo jiƙe sharkaf, ya dube ni ya ce da kana gida da ba ta faɗi ba.

Ban rubuto don ka aiko da kuɗi ko ka koya mini gini ba. Ni in na faɗa masa, zai ce kishi ne, kuma bai yi ƙarya ba. Kai yake saurara. In ka zo suna, ka zauna a zauren nan, har yanzu bai bari an cire ƙwayayen ba, ka nuna masa su ka ce ba ka san da zancen ba sai a takarda. Ka ce masa wutar Yahuza ce.

Inna da Suwaibatu suna gaishe ku. Ka shafa mini kan Adnan.

Yayanka,
Yahuza