Burodin da Muka Ɓoye wa Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki ƙarfin aikin asibitin nan da ba ya ƙarewa, ya sa ladarki ta fi gajiyarki yawa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗanta na kullum, wanda kin san shi ne alamar lafiyarta. 'Yan biyuna sun shiga aji uku, ƙiriniya kuwa sai abin da ya ƙaru. Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Na gwada sau biyu, amma da na ji muryarki sai mu kama zancen magani da awon jini, in kasa faɗin abin da ke raina. Shi ya sa na ɗauko biro. Ki samu wuri ki zauna, kin san ban iya gajerce labari ba.

Maganar Baba ce. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye aka rufe gidan burodinsa. Abin da na riƙa rage miki a waya shi ne irin ramar da ya yi. Cokali biyu zai karɓa ya kau da kai. Na yi shinkafa mai laushi, na yi romon kaza, na yi lallashi har na yi fushi, duk a banza. Wuni yake a kujerar bakin taga yana kallon bangon maƙwabta. Maganarsa ta dawo ko da da nauyi, amma ba ya amfani da ita. Mako biyu da suka wuce likita ya ɗora shi a sikeli, ya ja ni gefe ya ce idan nauyin bai motsa ba kafin mu dawo, za su saka masa robar abinci ta hanci. Yaya, wallahi ban san yadda na sauko matakalar asibitin nan ba, kuma ko Umma ban iya gaya wa ba sai washegari.

Kin tuna dokar da muka kafa lokacin da kika zo jinya. Muka ce mutumin da ya yi shekara arba'in hannunsa cikin fulawa, kada a tuna masa abin da ya rasa. Ke kika kawo shawarar, ni na ce madalla, Umma ta sa albarka. Muka kwashe farantansa da sikelinsa da rigar aikinsa muka kulle a sito. Burodin da muke saye a shago, a leda biyu nake ƙunshe shi in tura bayan tukwane. 'Yan biyu a tsaye suke ci a bayan ƙofar kicin kamar ɓarayi, har na koya musu kada su kuskura su ambaci sunansa a falo. Wata bakwai cur, a gidan mai burodi, ba a ga burodi a kan tebur ba.

Ana cikin haka sai ga na'urar da kika aiko, mai suya da iska. Umma ta zagaya ta sau biyu, ta ce ita ba ta yarda da tukunyar da ba a ganin wutarta ba. A cikin kwalin na tsinci 'yar takardarki, inda kika rubuta yadda kike gasa wa yaranki burodi da bota da tafarnuwa, kika ce in yi wa nawa. Ranar Laraba da la'asar na rufe ƙofar kicin, har da cusa tawul a ƙarƙashinta saboda ƙamshi. Na yanka burodin siri-siri, na shafa bota, na barbaɗa yankakkiyar tafarnuwa a sama. Ke kin san gaggawata. Maimakon abin da kika rubuta, sai na murɗa zafin har ƙarshe, na ba shi minti goma, na fita kwashe shanya. Kafin in dawo kicin ya turnuƙe. Ashe iskar ta ɗaga yanka ɗaya ta manna shi a jikin ƙarfen wutar da ke sama, sauran kuma tafarnuwar ta yi baƙi ƙirin. Dole na buɗe ƙofa da tagogi, ƙaurin ya cika gidan kaf.

Ina cikin fifita da faifan tukunya sai na ji ƙwanƙwasar cokali a jikin faranti, yadda Baba yake kiranmu. Na shiga wurinsa. Ya dube ni ya tambaya wane ne ya ƙona tafarnuwa a kan burodi. Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka har na manta. Ni kuma don rashin kunya na ce ina jin daga maƙwabta ne. Ya yi mini kallon nan da yake yi mana muna yara idan mun taɓa ƙullu kafin ya tashi. Sai na je na ɗauko. Ya juya yankan da hannun hagu, ya shinshina, ya ce wanda ya bar tafarnuwa tsirara a gaban wuta ba shi da tausayi. Daga nan ya ce a kai shi kicin. Umma tana bayansa tana yi mini alama da ido da hannu kada in yarda, ni kuwa na riga na jawo kekensa na marasa lafiya.

Da ma kin gani, Yaya. Ya sa na kunna na'urar ba komai a ciki, ya kanga tafinsa kusa da inda iska ke fita, ya karkata kai yana sauraron fankar. Ya ce ai wannan tanderu ce ƙarama, wutarta a sama take, kuma wurin ya matse, don haka zafinta ba ya da inda zai huce. Ya tambaya ko akwai burodin jiya. Na ciro daga bayan tukwane, a gabansa, kunya kamar ta kashe ni. Ya ce in tsattsaga shi da kauri, faɗin yatsa biyu, amma kada wuƙar ta kai ƙasa. Tafarnuwar kuma a daka ta da ɗan gishiri har ta yi laushi, a cuɗa ta da botar da ta saki ba wadda aka narkar ba, a cusa a cikin tsagin inda wuta ba za ta gan ta ba. Ya sa na rage zafin zuwa ɗari da sittin. Na saita agogon a minti takwas, ya yi tsaki ya lumshe ido. Wajen minti na shida ya buga cokali, ya ce in buɗe tsagin kaɗan in mayar minti ɗaya. Da na ciro, waje ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, ciki kuwa laushi tuɓus, botar ta ratsa ko'ina.

Ya ci, Yaya! Na gutsuro masa cikin mai laushi ƙanana-ƙanana, yana jiƙawa a shayi, har ya tashi da yanka biyu. Kada ma ki fara, na tambayi likita, ya ce a rage gishiri da bota, a zaunar da shi sosai, ba laifi. Ni da Umma muka juya baya kada ya ga muna kallo. Kofi ɗaya Umma ta wanke sau uku.

Da ya gama sai ya yi maganar da ta sa na rubuto miki. A hankali ya yi ta, kalma-kalma, yana hutawa. Ya ce kullum da safe yana jin ƙamshin burodi daga kicin. Ya san na shago ne, ya san sukarinsa ya yi yawa, ya san ba su bari ya tashi sosai. Kullum yana jira wani ya kawo masa gutsure ya tambaye shi yaya ya gani, ba wanda ya zo. Ya ji an ja sikelinsa an kai sito. Sai ya ce a ransa to shi ke nan, mun gama da shi, abin da ya rage a ɗauke shi kawai, wanda aka gama da shi kuwa me zai yi da abinci. Ya ce hannunsa ne ya mutu, hancinsa yana nan. Na durƙusa a gaban kekensa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ina neman gafara. Ya dafa kaina da hannun hagu, ya ce in tashi in wanke kwandon na'urar tun bai bushe ba.

Na san ki, yanzu haka kin ajiye takardar kina cewa laifinki ne. Don Allah kada ki ɗora wa kanki. Mu uku muka yi, kuma tausayi ne ya sa mu. Ke da kike nesa kina ƙirga maganinsa ta waya tsakanin aiki da aiki, ni na san abin da zuciyarki take ɗauke da shi. Jiya muka koma asibiti, ya ƙara rabin kilo. Likita ya ce a ɗaga maganar robar wata ɗaya a gani. Ba a ce mun tsallake ba tukuna, ki ci gaba da addu'a. Na fito da sikelinsa da rigarsa daga sito. Yanzu kowace safiya a kicin yake, yana shafa bota da hagu, rabi a burodi rabi a tebur, yana kushe yankana.

Ki gaishe mini da maigidanki, da ɗanki na fari, Babban Yaya na gidanku, da 'yar autarki Sarauniyar Kuka. Umma tana gaishe ku, ta ce har yanzu ba ta yarda da tukunyar ba amma ta ci yanka uku. Maigidana da 'yan biyu suna miƙa gaisuwa. Baba ma yana gaishe ki, ya kuma ba ni saƙo, ya sa na maimaita don kada in rage komai. Ya ce idan kin kira, ki daina tambayar Umma yaya jikinsa alhali yana zaune a wurin. Ki ce a ba shi wayar. Yana ji, kuma zai amsa.

Wassalam, taki har kullum,
Ƙanwarki, Uwar Surutu