Naman da na zuba a tukunyar madara

Inna Zlata, ki taimake ni da shawara tun Juma'a ba ta zagayo ba, don na yi ɓarna da hannuna kuma na rantse sai na gyara ta.

Ni da maigidana Fishel mu ke da tanderun burodi a garinmu, kusa da birnin Lublin. Kin san yadda ake yi: Juma'a da la'asar kowace mace ta kawo tukunyar wakenta da dankali, an liƙe murfin da ƙullu, mu jera a tanderu ta kwana, tunda a addininmu ba a hura wuta ranar Asabar. In an fito daga majami'a ranar Asabar kowa ya ɗauki tasa. Shekara ashirin ina ɗaga tukwanen nan, hannuna ya san gidan da aka sa nama da gidan da ba a sa ba.

Akwai wata da zan kira Hinda, ba sunanta ke nan ba. Ita ce a da take bin gida-gida tana tara wa amaren talakawa kayan ɗaki. Dokin mijinta ya mutu da kaka, keken dokin da yake sana'a da shi ya zauna, ga 'yan mata uku. Ba ta gaya wa kowa ba, ni dai na ji nauyin tukunyarta yana ta raguwa, har ranar da na ɗaga na ji ruwa ne kawai ke motsi a ciki.

Mahaifiyata ta koya mini cewa sadaka ta gari ita ce wadda mai karɓa bai san hannun da ya miƙa ba. Da mata suka watse na ɓare ƙullun, na zuba naman ƙirjin saniya da ɓargo a tukunyarta, na sake liƙewa, ina ta yaba wa kaina dabara. Ashe Hinda ta sayar da tukunyarta ta nama, wannan ta madara ce. Shuɗin fentin da ake yi wa tukunyar madara alama da shi yana gindinta, baƙin wuta ya rufe shi, ni kuwa ban duba ba. Nama a tukunyar madara, Inna, alhali addininmu ya haramta haɗa su, kuma tukunyar ta yumɓu ce, wadda ba ta tsarkakuwa. Maƙwabciyarta ta ce busasshen burodi suka ci ranar cikin sanyin nan, washegari Hinda ta fasa tukunyar a bayan gida.

Da ta zo shago ba ta zargi kowa ba. Cewa ta yi, "Kada ki tsaya jiran tukunyata, 'yan matan nan sun gaji da wake." Asabar biyu ke nan ba ta kawo ba. Fishel ya ce in ja bakina in yi shiru, wai na riga na yi taimakon da ya ishi garin nan shekara guda. Ni kuwa ba zan ci abinci mai zafi ba alhali na san abin da ke gidan. In je in faɗa mata gaskiya ne, ko in aika a ɓoye?

Mai Tanderun Bakin Kasuwa

*

'Yata, zuciyarki ta yi daidai, hannunki ne ya yi gaggawa. Ke da kika shekara ashirin a bakin tanderu, ai juya gindin tukunya bai kamata ya gagare ki ba. To, ya wuce.

Mijinki yana da rabin gaskiya. In kika je mata da hawaye kina ba da labarin yadda kika ji ruwa na motsi, kin tona abin da take rufewa tun kaka, kuma kin ɗora mata aikin lallashinki. Amma shirun da yake so zai bar yara uku da sanyi. Aike a ɓoye kuma ya riga ya lalace, domin yanzu duk abin da ta tsinta a ƙofa za ta san garin yana kallonta.

Ga abin yi. Ki sayi tukwane biyu irin tata, kada su fi ta girma ko kyau, ki shafa wa ta nama ja, ta madara shuɗi. Ki kai da kanki, ki ce tukunyarta a gidanku ta lalace, kuma gidan tanderu shi ke biyan abin da ya ɓata. Gaskiya ce tsantsa, kuma haƙƙinta ne, ba za ta ji kunyar karɓa ba. Kada ki ƙara kalma a kai, kada ki leƙa madafinta.

Bayan kwana biyu ki nemi ta taya ki kitsa ƙullun burodin Asabar, da lada kamar kowane ma'aikaci. Na tabbata hannu biyu ba sa isar ki ranar Juma'a. A wurinmu babu taimakon da ya kai a ba mutum abin da zai tsaya da ƙafarsa. Wataƙila ta gane komai, mace ce mai wayo. In ta yi kamar ba ta gane ba, ke ma ki yi hakan.

Ranar da ta dawo da tukunya, ki karɓa ki tura tanderu yadda ta zo, da murfinta a liƙe. Allah ya ba ku Asabar mai albarka, ya nuna miki Juma'ar da tukunyar Hinda za ta gagari hannunki ɗaya don nauyi.

Inna Zlata